Bukin kaka: a tuna da wanda alkama ke cuta

Ƴan'uwa manoma, kaka ta yi, rumbuna sun cika, bukukuwan aure sun kankama. Amma yau burodi da makaroni da fanke sun mamaye akushin buki. A ganina, wannan kuskure ne.

Cikin alkama akwai wani abu mai danƙo da ake kira gulutan. Kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya, gulutan na ɓata masa hanji. Zawo ya ƙi tsayawa, ciki ya kumbura, jini ya ragu, yaro ya ƙi girma. Maganin guda ne: barin alkama har abada.

Hatsi, dawa, masara, shinkafa, wake da rogo ba su da gulutan. Saboda haka, kusa da nama, uwargida ta aje dambun masara da zogala da ƙuli-ƙuli, masar shinkafa da cecena. Kowa zai ci, kuma a rumbunmu suke.

Sai dai a yi hattara. Kada a zuba garin alkama cikin ƙullun masa. Kada a soya cecena cikin man da aka soya fanke. Ku da kuka iya karatu, ku duba takardar magi: kalmar faransanci "blé" na nufin alkama.

Zawo yana da dalilai da yawa. Wanda ya ga waɗannan alamu ya tafi likita tun bai bar alkama ba, don awo ya nuna gaskiya.

Baƙo ya tashi da yunwa, kunyar mai gida ce.