Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

A wannan makon za mu leƙa gidan maƙwabta, wato masu yi wa wasannin bidiyo kwaskwarima, domin gemunsu ya kama wuta, mu kuwa ko ruwa ba mu nemo ba.

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem a Anka ko Gummi ya san aikinsu ko da bai san su ba. Su ne ke ɗaukar tsohon wasan ƙwallo su sa masa sabbin riguna da 'yan wasan bana, ko su ɗauki wasan da kamfaninsa ya watsar su sake gina shi. Yawancinsu ba sa karɓar ko sisi, son abin ne kawai. To ga sakayyar da suke samu. Wani ɗan ƙasar Ajantina, Milton Guasti, ya shafe kusan shekara goma yana sabunta wani wasan Nintendo na 1991 mai suna Metroid II. Ya sake shi kyauta a watan Agustan 2016, cikin 'yan kwanaki lauyoyin kamfanin suka sa aka sauke shi. A wannan watan dai masu Pokémon Uranium suka janye nasu bayan aikin shekara tara. A 2021 kamfanin Take-Two ya maka wasu masoyan GTA a kotu a Amurka saboda sun warware tsofaffin wasanninsa don su yi aiki a sabbin na'urori.

Muna cewa wannan rowa ce da butulci. Ai Counter-Strike ma kwaskwarima ce da Minh Le da Jess Cliffe suka yi wa Half-Life a 1999. Kamfanin Valve bai kai su ƙara ba, ya sayi aikin ya ɗauke su aiki, har yau yana cin riba. Amma mu lura da kyau: wanda aka rungume da wanda aka kora duk a filin wani suka yi gini. Bambancinsu kawai halin mai filin. Ga wanda ya fito daga Abare wannan ba baƙon karatu ba ne. Kai ka haƙa ramin, kai ka sha ƙurar, amma doka ta ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, kuma sanarwa ɗaya a 2019 ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya. Gumi daban, takarda daban.

Yanzu mu dawo gida. Mu nawa ne a nan suka ɗauki fim ɗin Indiya ko na Koriya ko na Turkiyya, suka mayar da jarumin Alhaji, suka kai shi Abuja, suka ce littafinsu ne? Mu nawa suka rubuta "ci gaban" littafin wata marubuciya ba tare da ko gaisuwa ba? In aka yi magana sai a kawo hujja uku, kuma duk ukun ba sa tsayuwa.

Ta farko: "Ai ba sayarwa nake yi ba." Guasti ma bai sayar ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris 2023, ta bar wa mai aiki ikon fassara aikinsa da sauya masa siffa, kuma ga littafi wannan iko yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubucin. Ta yi sassauci ga sharhi da suka da kwaikwayo na barkwanci da nazari, amma kwashe labari sukutum a canza sunaye bai shiga ciki ba.

Ta biyu: "Wa ya san da mu a ƙauye?" Ba sai an san ka ba. Littafinka yana Wattpad ko YouTube ko Facebook, kuma waɗannan shafuka suna sauke abu da zarar mai haƙƙi ya aiko da ƙorafi, kafin su saurare ka. Ranar da labarinka ya yi farin jini, ranar ce za a gan ka. Ma'ana, nasararka ce za ta kira mai filin.

Ta uku ita ce mai nauyi: "Ai Abubakar Imam ma aro ya yi." Gaskiya ne, Magana Jari Ce ta ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da wasunsu. Aro ba abin kunya ba ne, babu adabin da ya tashi ba da shi ba. Sai dai Imam ya ɗebi ruwa ne daga tsofaffin rijiyoyin da suka zama na kowa, kuma ya narkar da abin har ya zama Bahaushe a harshe da ɗabi'a. Wanda ya kwafi fim ɗin bara fage bayan fage ba abin da Imam ya yi ya yi ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne laifi tudu ne. Mu ɗin nan ne ke kuka idan aka kwashe littafinmu na kuɗi aka watsa a zaurukan WhatsApp, ko aka karanta shi a YouTube wani yana cin kuɗin talla. Muna tsine wa ɓarawo da hannun dama, hagu na cikin aljihun wani. Ba za mu nemi a girmama guminmu ba alhali mun raina na wasu.

Saboda haka ga abin da muke kira gare shi. Mu yi gini a filinmu. Tarihin daular Zamfara yana nan, labarin Sarauniya 'Yargoje yana nan, Gizo da Ƙoƙi ba su da lauya. Rayuwar mahaƙa zinare, da gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukanmu a 2010, da waɗanda rashin tsaro ya raba da gonakinsu, duk suna jiran alƙalami. In ba mu rubuta ba, baƙo zai rubuta ya sayar mana.

In kuwa aikin ɗan'uwa ya burge ka har kana son ɗorawa, tambaye shi a rubuce, ka ajiye amsar, ka ambaci sunansa. Mu kuma da ake aro a wurinmu kada mu zama Nintendo. Kowa ya rubuta a farkon littafinsa abin da ya yafe da abin da ya hana: a karanta, a yi sharhi, a ɗora da izini, amma ban da sayarwa. Sannan kowa ya ajiye kwafen aikinsa a hannunsa, domin OkadaBooks da marubutanmu da dama suka dogara da ita ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023.

Shekara goma ba wasa ba ce a rayuwar marubuci. Kafin mu zuba ta a kan wani labari, mu fara tambayar kanmu filin na wane ne. Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka.