Mota da Mai Ita: Idan makullin tada mota ya fara cijewa

 

Wasiƙar wannan mako ta fito daga Damagaram, daga wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, mai Mercedes 280 SL, irin ƴar ƙwalisar nan mai ƙofa biyu da ake yaye wa rufi. Kukansa shi ne tun shigowar hunturu makullin tada motar ya soma yi masa gardama: yau ya juya lami lafiya, gobe sai an yi ta jijjiga shi kafin ya amsa. Yana tambaya ko ya ɗiga masa baƙin mai, kamar yadda wani yaron gareji ya ba shi shawara. Ranka ya daɗe, kada ka ɗiga. Kuma kada ka bari wannan wata ya ƙare ba ka kai motar an duba ba.

Wannan samfurin na SL an ƙera shi ne daga 1971 zuwa 1989, ke nan ko autarsu ta haura shekara 35 a duniya. Ba su da yawa a ƙasarmu, amma makullinsu ɗan gida ɗaya ne da na Mercedes 190 da 200 da 230 waɗanda suka shigo mana ta Kwatano da Lome a shekarun baya, har yanzu ana ganinsu a Maraɗi da Tawa da Yamai. Saboda haka maganar ta shafi Alhajin kasuwa da ma'aikacin ofis baki ɗaya.

Abin da makanikanmu ke kira Neiman, sunan injiniyan da ya ƙago shi ne a shekarun 1930, Abram Neiman, kuma abubuwa uku ne a haɗe. Akwai ƙwaryar da makulli ke shiga, wadda ake ce wa barillet da Faransanci. Akwai sakatar ƙarfe mai datse sitiyari idan an zare makulli. Can baya kuma akwai makunnin wuta, inda wayoyi suka haɗu. A cikin ƙwaryar an jera wasu ƴan falle-fallen tagulla, kowane da ɗan sifirin ɗinsa, siriri kamar gashi. Haƙoran makulli ne ke daidaita su, kuma muddin ɗaya bai zauna daidai ba, ƙwaryar ba ta juyawa. To, mutumin da ke tada mota sau shida a rana, a shekara talatin ya murɗa makullin nan fiye da sau 65.000. Wane ƙarfe ne ba zai ci ba?

Kafin a zargi ƙwarya, a fara da mai sauƙi. Sau da yawa laifin na sakatar sitiyari ne. In an tsayar da mota ƙafafun gaba a karkace, ko taya ta tokare da dutse ko ta nutse cikin rairayi, sai nauyin ya danne sakatar har makulli ya kasa janye ta. Maganin wannan ba ya cin ko dala: a kama sitiyari da hannu ɗaya, a ja shi wajen da yake ɗan motsawa, sannan a murɗa makulli a hankali da ɗaya hannun. Mai mota mai canja giya da kanta kuma ya tabbata sandar na kan P, don a motoci da dama makulli ba ya fita sai tana can. Idan kuwa makulli na juyawa sumul amma fitilun gaban direba na ɗaukewa suna dawowa, wannan ciwon makunnin wuta ne na baya, canja ƙwarya ba zai warkar da shi ba.

Sai maganar mai. Baƙin mai, da man birki, da gazuwal, duk na ga ana ɗura su a ramin makulli, kuma gaskiya ne ranar farko sai ka ji abin ya yi laushi. Amma mu ƙasar ƙura gare mu. Cikin makonni kaɗan na hunturu man ya kama ƙura ya zama kunu mai danƙo, ƴan sifirin ɗin nan marasa ƙarfi su kasa ɗaga falle-fallen, ƙurar kuma ta dinga goge tagullar kamar dutsen wasa wuƙa. Abin da ya dace shi ne a fesa ruwan wanke kayan lantarki, mai bushewa nan take, a sa makulli a zare sau da dama ana share shi da ƙyalle mai tsabta, har ya daina fitowa da baƙi. In ya bushe sarai, sai a sa ɗan garin girafit, wato baƙin da ke cikin fensir. Wanda bai samu na sayarwa ba ya goga fensir mai laushi a haƙoran makulli, ya wadatar. Kaɗan ake sawa, kuma ba a haɗa shi da mai. Ramin da aka riga aka ɗura wa mai, sai an wanke shi tukuna.

Shi kansa makullin a dube shi. A ɗora shi a kan tebur a ga ko ya lanƙwashe, a kwatanta haƙoransa da na makullin ajiya in akwai. Idan na ajiya ya juya ba gardama, to an gano mai laifi. Amma a kula: mai yankan makulli na kasuwa abin da ka ba shi yake kwafa, in ka kai masa cinyayye, sabon cinyayye zai miƙo maka, sau da yawa ma a ƙarfe mai taushi da ke murɗewa ya karye a ciki. Ya fi kyau a kwafa daga na ajiya, ko a nemi sabo da lambar shasi da ke rubuce a carte grise. Motocin da aka sayar a Turai daga 1998 zuwa sama kuwa akwai ƴar na'urar hana sata a kan makullinsu, ko an yanka ƙarfen daidai injin ba zai tashi ba sai an daidaita ta da motar.

Yanzu bari in taɓo ƴan'uwana ƴan kasuwa. Za ka ga Alhaji ya rataya makullin shago, da na sito, da na gida biyu, da ɗan kwaɗo, duk a zobe ɗaya da na mota, abin na lilo a hanyar Dakoro ko ta Tanut. Kowane rami aka faɗa, nauyin nan na fizgar makulli ƙasa yana cin falle-fallen. Kada a ɗauka wasa ne. A 2014 kamfanin General Motors na Amurka ya janye ƙananan motoci wajen miliyan 2 da dubu 600 saboda makunninsu na iya zamewa injin ya mutu ana cikin gudu, musamman in zoben ya yi nauyi, kuma asusun diyyar da ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124. Aibin ƙira ne a can, amma abin da aka fara gaya wa masu motocin shi ne su raba makullin mota da sauran tarkace.

Ga dalilin da ya sa na ce wa dattijonmu kada ya jinkirta. A waɗannan Mercedes, ba a iya fitar da ƙwaryar sai makulli ya juya zuwa lamba 1. In ya kai nan, makaniki zai zura ƴar siririyar waya ta ƙofar da aka tanada, ya saki maƙallin, ya cire hular baƙin ƙarfen da ta rufe ƙwaryar, ya sa sabuwa. Aikin da bai kai awa guda ba. Amma ranar da makulli ya ƙi motsi daga 0, wannan hanya ta toshe. Hular nan ƙarfe ne mai tauri da aka yi musamman don ya gagari ɓarawo, kuma yadda ya gagari ɓarawo haka zai gagari mai mota. Sai yanka da huda a ƙarƙashin sitiyari, a wuri matsattse, galibi har da sayen sakatar gaba ɗaya, ga motar sitiyari a datse ba ta ko jawuwa sai an ɗora ta a bayan wata. Kuma makulli ba ya zaɓen wurin mutuwa. Yana iya yi maka haka a ƙofar gida, yana iya yi maka a tsakanin Gure da Diffa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don haka duk ranar da aka sha wuya kafin ya juya, to kada a mayar da shi 0. A kai motar gareji, in dole ta kwana, a bar makulli a lamba 1 a cire kan batir, a wurin da ke da tsaro. Awartaki kuwa kada ya kusanci makulli ko kusa.

Ƙwarya ta hannu da ake samu wajen masu tsofaffin kayan mota, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, tana fid da mutum kunya, amma ni ban cika son ta ba: tsararar wadda ta mutu ce, kuma za ta bar ka da makulli biyu, na ƙofa daban, na tada mota daban.

Abu biyu kuma na haɗari. Idan makulli ya daina komowa da kansa bayan injin ya tashi, a mayar da shi lamba 2 da hannu nan take, in ba haka ba demarer zai yi ta juyawa tare da injin har ya ƙone. Sannan akwai makanikan da ke haɗa waya da maɓalli a gefe, su ce an huta da makulli, alhali sun bar sakatar sitiyari a wurinta da lalatacciyar ƙwarya. Sakatar nan na iya faɗawa ana tsakiyar tafiya ta datse sitiyari. Duk wanda aka yi wa irin wannan aiki ya koma ya tambayi makanikinsa me ya yi da sakatar, ya kuma ce a nuna masa.