Ƙafar roba ba takalmin kasuwa ba ce

Masu raba ƙafar roba a taro ana ɗaukar hoto, don Allah ku saurara. Bayan an yanke ƙafa, dungun yana ta motsewa tsawon watanni. Ƙafar da ta zauna daram yau, gobe sai ta fara lilo, ta goge fata, gyambo ya fito. Ga mai ciwon suga, gyambon nan kan iya jawo a sake yanka. Shi ya sa wasu ke jingine ta bayan ƙofa, su koma sanda.

In taimakon za ku yi, ku kai mutum wurin ƙwararru irin na Asibitin Ƙashi na Dala a auna shi, ku kuma ba shi kuɗin motar komawa gyara. Wallahi kuɗin motar nan rabin sadakar ne.