A Fara Da Rufi, Fenti Ya Jira

Girbi ya wuce, kuma ƙungiyoyi da dama sun soma shawarar kai gudummawa gidajen da ake riƙon marayu a birnin Sakkwato. Wannan abu ne mai kyau. Ba kuwa sabo ba ne ga Ekklesiya a ƙasar nan, gama tun ƙarshen shekarun 1930 mishan na SIM suka kama hidimar kutare a Amanawa. Amma muna da magana ɗaya kafin a ɗaure kaya a mota.

Bari mu fara da namu kuskure. Wata shekara, ana gab da Kirsimati, mun tara matasa da mata muka je wani ƙaramin gidan marayu a bakin gari. Wani ɗan kasuwa ya ba mu fenti, muka shafe ɗakuna uku cikin yini ɗaya. Aka yi waƙa, aka ci shinkafa, aka ɗauki hoto, kowa ya koma gida da murna. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi sama. Da muka koma cikin watan Yuli, sai muka tarar iskar farkon damina ta yaye kwano biyu, ruwa ya bi bango ya ɓata fentin, yara kuwa sun tattara tabarmi a kusurwa ɗaya suna kwana a takure. Uwar gidan ba ta yi mana faɗa ba. Cewa kawai ta yi, da mun tambaye ta, da kafinta za ta roƙa.

Tun daga ranar muka gane cewa mai bayarwa yakan kawo abin da ya rage masa, ba lalle abin da gida yake bukata ba. Saboda haka kafin a karɓi ko ƙusa ɗaya, a aiki mutum biyu, ɗaya magini ɗaya mace, su zauna da masu riƙon yaran, su zaga ɗaki ɗaki har bayan gida. Mace za ta ga abin da magini ba zai gani ba: madafa mai hayaƙi, masai marar ƙofa inda 'yan mata suke jin kunyar shiga.

Rufi shi ne farko. A Sakkwato ruwan shekara kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, iskar da ke gabansa kuwa ita ce ke ɗauke kwano. A ɗaure katakon rufi da ƙarfe a jikin bango, kada a aza shi kawai. A buga ƙusa a kan tudun kwano, ba cikin kwarinsa inda ruwa ke bi ba. Katako kuma a shafe shi da maganin gara tun yana ƙasa. Bayan rufi sai masai da ruwan sha, sa'an nan waya mai hana sauro a tagogi. Fenti shi ne auta.

Game da kayan kyauta, kada kunya ta hana mu dubawa. Ko da yake ana yin siminti a nan Kalambaina, kusa da mu, buhun da ya yi watanni a wuri mai laima ya riga ya rage ƙarfi. In ka murza dunƙulensa da yatsa bai fashe ba, a yi godiya, a ajiye shi gefe. Tsohon kwano mai huji yana iya rufe akurkin kaji, ba ɗakin yara ba. Tsohon fentin mai kuwa wani yana da dalma a ciki, yara ƙanana kuma sukan ɓanɓari bango su kai baki. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da dalma ke yi wa yara a 2010, lokacin da wadda ta fito daga dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwansu. Farar ƙasa ta fi mana fentin da ba mu san asalinsa ba.

Wani zai ce, yawancin yaran nan ba 'ya'yan Ekklesiya ba ne. Gaskiya ne. Ruwan da ke yoyo a kansu bai tambaye su addini ba, mu ma ba za mu tambaya ba. A nemi izinin masu gidan da na ofishin jin daɗin jama'a, a sanar da mai unguwa, in akwai birkila Musulmi a unguwar da ke so ya sa hannu, a yi masa maraba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Lokacin da ya dace shi ne Janairu da Fabrairu, kafin zafin Afrilu. Mun san masu albasa a fadamar Rima ba su da hutu a watannin nan, sai su ba da hatsi ko kuɗin mota, waɗansu su ba da ƙarfi. Sai dai iskar hunturu tana busar da siminti da sauri, dole a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Wannan ba aikin 'yan gayya da suka koma ƙauye ba ne. A nuna wa manyan yaran gidan yadda ake yi, a bar musu bokiti da guduma da cokalin gini. Kowace ƙungiya kuma ta rubuta sunan mutum ɗaya wanda zai koma ya duba rufin bayan ruwan fari, ta sa kuɗin motarsa cikin lissafi tun yanzu.