Wasiƙa a Buɗe ga Malaman Sakandare Kan Maki da Makomar Ɗalibi

'Yan'uwana malamai,

Duk ƙarshen zango kowannenmu yakan tasa tarin takardu a gaba, jan biro a hannu, a tara makin gwaji da na jarrabawa, a jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. A kan wannan lambar da muke rubutawa nake so mu tattauna, domin mun rabu gida biyu a kanta: masu raina ta, da masu ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

Bari in fara da masu rainawa. Wata magana ta bazu a bakin matasa, wai boko yaudara ce, wai ga su wane ba su yi karatu ba amma masu digiri na yi musu aiki. Akan kafa hujja da Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana sahun gaba cikin attajiran Afirka ta Yamma, bai kuwa zauna ajin boko ba. Haka ne. Sai dai ya yi karatun allo, ya sha wahalar fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, kuma a zamaninsa ba a cika tambayar takarda ba, ita kanta WAEC ma sai a 1952 aka kafa ta. Tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote kuwa sai da ya je Jami'ar Azhar ya yi digiri.

Yaron da ke gabanka yau a wata duniya yake. In ba shi da kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, da Lissafi a yawancin fannoni, ƙofar jami'a a rufe take. In ya tsallake nan, ga JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana jiransa da makinta 400, kuma mai son likitanci ko lauya sai ya yi wa sa'o'insa fintinkau. A Kano ma tun a aji biyu na babbar sakandare akan zauna jarrabawar tantancewa, sakamakonta ne ke nuna wanda gwamnati za ta biya wa kuɗin NECO. A jami'a, 4.50 cikin 5.00 shi ne daraja ta ɗaya, 3.50 babbar daraja ta biyu, kuma bankuna da manyan kamfanoni da dama ba sa ko buɗe takardar wanda ya gaza haka. Ɗan mai hali in ya faɗi a sake biya masa, ko a kai shi jami'ar kuɗi, ko wani kawu ya yi masa hanya. Ɗan talaka ba shi da kawu sai sakamakonsa. Malamin da ya ce masa maki ba komai ba ne ya cuce shi, ko da da kyakkyawar niyya ya faɗa.

To, sai masu ɗora wa maki kayan da ba nasa ba. Maki mudu ne: yana auna gero daidai, amma ba a awon yadi da shi. Abin da yake faɗa maka shi ne, a rana kaza, cikin awa biyu, da Turanci, yaron nan ya iya dawo da kaza daga abin da aka koya masa. A cikin lambar nan akwai ƙwaƙwalwa, ba musu. Amma akwai karin kumallon da aka ci ko ba a ci ba, da tallan da yarinya ta yi kafin ta shigo aji, da makonnin da aka rasa lokacin girbi, da ajin da ya cika maƙil har na baya ba sa jin muryarka.

Harshe ya fi kome ɓad da mu. Ɗauki yaron da ke taya mahaifinsa a kasuwar Dawanau. Ka ce masa buhu talatin da bakwai a kan farashi kaza, a cire ladan dillali da kuɗin dako, kafin ka lalubo kalkuleta ya ba ka amsa. Rubuta masa wannan lissafin da Turanci a takardar jarrabawa, sai ya zuba mata ido har a ce a ajiye biro. Kai kuwa ka sa masa F9 a Lissafi, alhali Turanci ne ya kayar da shi. Ko Alfred Binet, Bafaranshen da ya fito da gwajin basira a 1905, ya ƙirƙiro shi ne don a gano yaran da ke bukatar ƙarin taimako a makaranta, kuma ya yi gargaɗi kada a ɗauki sakamakon a matsayin hukuncin da ba ya canzawa.

Saboda haka ga shawarata. Ta farko, ku riƙe amanar lambar. Makin gwaji da ake cikewa a ofis daren miƙa sakamako, da ƙarin da ake yi wa ɗan maƙwabci, da amsar da ake rubuta wa yara a allo ranar NECO don a fita kunyar iyaye, duk ha'inci ne. Yarinyar da aka saya wa A1 a Kimiyyar Sinadarai za ta sami gurbi, ta yi shekara guda, a kore ta, ta kuma tare wa wadda ta cancanta wuri.

Ta biyu, ku kula da bakinku da kuma ɗan layin nan na sharhin malami a katin sakamako. Kalmar daƙiƙi, in ta fito daga bakin malami a gaban aji, yaro kan ɗauke ta har ya yi furfura. Rubuta abin da za a iya gyarawa: bai iya raba lamba ba, yana gane darasi amma rubutu na ba shi wuya, tana yawan fashi ranar kasuwa. Uba zai iya yin wani abu da wannan bayanin.

Ta uku, kafin ka ja jan layi, dubi irin kuskuren. Ka kira yaron, ka maimaita masa tambayar da Hausa. In ya amsa, ka san inda ciwon yake. A gwajinka kuma ka riƙa sa tambaya ɗaya ko biyu da hadda ba za ta fitar da mutum ba, irin su me ya sa, da yaya za a yi in abu kaza ya canza. A nan za ka ga wasu 'yan benci na baya sun ba ka mamaki, wasu na gaba kuma sun yi tsuru-tsuru.

Su ma na gaban akwai haƙƙinsu a kanmu. Takarda takan kai mutum gaban masu ɗaukar aiki, daga nan sai a koma duba ko ya iya bayani, ko ya iya rubuta wasiƙa, ko yana cika alkawari, ko ana iya zama da shi. Ku sa su tsaya gaban aji su yi magana, ku haɗa su aiki da waɗanda suka fi su rauni, ku nema musu hanyar taɓa kwamfuta, tunda tun 2015 da ita kaɗai ake zana JAMB.

Wanda kuma hannunsa ya fi biro kaifi, kada a tura shi sana'a kamar ana korarsa. Ku nuna masa kwalejin fasaha da jarrabawar NABTEB. Ku kai aji Panteka a Kaduna su ga yadda ake ƙera injin niƙa, ko Farm Centre a Kano su ga saurayi yana bin layukan cikin waya da mita har ya gano inda wuta ta tsaya. Amma ku dage masa ya fita da karatu da rubutu da lissafi, don makaniken da ke iya karanta littafin mota da rubuta rasit ya fi wanda ba ya iyawa samun ciniki.

Idan uba ya zo da kati a hannu yana tambaya, "Malam, yaron nan zai yi boko kuwa?", kada ka yanke hukunci da lamba ɗaya. Faɗa masa inda yaron yake da ƙarfi, da inda ya gaza, da abin da kai da shi za ku yi kafin zango mai zuwa. Arziki na Allah ne, amma gaskiyar awo da kyakkyawar kalma suna wuyanmu, kuma za a tambaye mu.

Allah ya sa albarka a aikinmu, ya shirya mana yaranmu.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a aikin koyarwa.