A Riƙa Auna Kwamfuta Kafin A Biya, A Daina Cinikin Biri A Sama

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda mu mutanen karkara da ƙananan 'yan kasuwa muke sayen kwamfuta ido rufe, alhali kuwa akwai hanyar auna ta kamar yadda ake auna hatsi.

Ni dai sana'ata cajin waya da tura wa mutane fina-finai da karatun malamai a mimori, ranar kasuwar garinmu da ta maƙwabta. Bara waccan na sayar da awaki biyu, na haɗa da kuɗin adashi, na shiga birni na sayo kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu. Mai shagon ya nuna mini ɗan tambarin da ke manne a jikinta, ya ce, "Alhaji, ka ga i7 ce, babu sama da ita." Ya kunna, ta kawo haske, muka yi ciniki, na biya, na kamo hanya ina murna. Ranar kasuwa ta farko na gane kurena. Wasu fina-finan in na buɗe sai hoto ya riƙa tsayawa murya na tafiya, fankarta na kuka kamar injin markaɗe. Da aka kashe janareta kuwa, ko minti 20 batirin bai yi ba. Mutane suka gaji da jira suka koma rumfar maƙwabcina. Da na mayar masa, sai ya ce ai a gabana aka kunna ta, kuma ta kama. To, ban da ta cewa, don gaskiya ta kama ɗin.

Sai da ɗan yayana mai karatun kwamfuta ya zo hutu ya duba mini ita. Ashe i7 ɗin gaskiya ce, amma ta zubi na 2 ce, wanda kamfanin Intel ya fitar a 2011. Ya ce sunan i3 da i5 da i7 kamar a ce maka "saniya" ne ba a faɗa maka shekarunta ba. Lambar da ke biye da sunan ita ke faɗin zubi: i5-2520M ta zubi na 2 ce, i5-8250U kuwa ta zubi na 8 ce, ta 2017, kuma wannan i5 ɗin ta baya ta fi tsohuwar i7 tawa nesa ba kusa ba. Ya ƙara da cewa fina-finai da yawa na yanzu ana matse su ne da wani tsari mai suna H.265 don su yi ƙanƙanta, kuma sai daga zubi na 6, na 2015, kayan Intel suka samu sashen da ke warware shi sosai ba tare da wahala ba. Tawa dole ta yi aikin da ƙarfin tsiya, shi ya sa take zafi tana sarƙewa.

Abin da ya fi ba ni haushi, Malam Edita, shi ne duk wannan bincike bai ɗauke shi rabin awa ba, kuma da kayan awon da ke cikin kwamfutar ko waɗanda ake samu kyauta ya yi shi. Su waɗannan manhajoji na awo aikinsu ɗaya ne: su ɗora wa kwamfuta kaya iri ɗaya da wanda ake ɗora wa kowace, su ƙirga lokacin da ta ɗauka, su ba ta maki. Mudu ne dai, ba wani abu ba. Ba sabon abu ba ne kuma. Tun a 2007, da kamfanin Microsoft ya fito da Windows Vista, ya sa mata ma'auni a ciki wanda ke ba da maki daga 1.0 zuwa 5.9. A Windows 7 ta 2009 aka ɗaga shi zuwa 7.9, a Windows 8 ta 2012 ya kai 9.9. Abubuwa biyar yake aunawa: ƙwaƙwalwar kwamfuta, da RAM, da sashen nuna hoto, da na wasanni, da rumbun ajiya. Hikimar da ta fi burge ni ita ce ba ya haɗa makin ya raba. Mafi ƙanƙanta a cikin biyar ɗin shi yake ɗauka ya ce wannan ne makin kwamfutarka. Duk wanda ya taɓa ɗaura amalanke ya san gaskiyar wannan: in ka haɗa ƙosasshen sa da ramamme, tafiyar ramammen za a yi.

A 2013, da Windows 8.1 ta fito, an cire allon da ke nuna wannan maki, amma injin awon, mai suna WinSAT, an bar shi a ciki, kuma duk mai gyaran kwamfuta na ƙwarai ya san yadda ake tayar da shi. Sai dai a kula, daga Windows 10 makin wasanni 9.9 yake nunawa a kowace kwamfuta don an daina auna wannan sashe, saboda haka kada wani ya nuna maka shi ya ce ka ga ta ci jarrabawa.

Ban da wannan akwai wasu. Akwai PCMark, wadda kamfanin Futuremark na ƙasar Finlan ya ƙirƙira, kafin kamfanin UL na Amurka ya saye shi a 2014. Ita PCMark 10 ta 2017 tana kwaikwayon irin aikin da mutum ke yi a gida ko a shago ne: buɗe shafukan intanet, hira ta bidiyo, rubutu, lissafi, gyaran hoto da gyaran bidiyo. Akwai Cinebench ta kamfanin Maxon na Jamus, mai matsa wa ƙwaƙwalwar kwamfuta lamba don a ga ƙarfinta. Akwai kuma CrystalDiskMark da 'yar'uwarta CrystalDiskInfo daga Japan, duka kyauta: ta farko tana auna saurin rumbun ajiya, ta biyu tana faɗin lafiyarsa har da yawan awoyin da ya yi yana aiki tun da aka ƙera shi. A nan ne ake gane bambancin tsohon rumbu mai faifai da ke juyawa, wanda yakan yi wajen megabait 100 a daƙiƙa, da SSD wanda ko na talaka yakan kai wajen 500. Batir ma Windows na da rahotonsa, mai nuna ƙarfin da aka ƙera shi da shi da kuma abin da ya rage masa yanzu. Nawa ko kashi ɗaya cikin huɗu bai kai ba. Da na ga wannan takarda a shagon, wallahi da awakina na nan.

To, amma kada a ce na ce maki shi ne komai. Mu da muka tashi a kasuwa mun san akwai mudun da aka bubbuge wa gindi. Su ma masu ƙera kayan nan an sha kama su da irin wannan. A watan Nuwamba na 2013 Futuremark ya cire wasu wayoyin Samsung da HTC daga jerinsa, saboda an tsara su su gane cewa ana auna su, sai su saki duk ƙarfinsu, in an gama su koma yadda suke. A 2018 UL ya yi wa wasu wayoyin Huawei haka. A 2011 kamfanin AMD ya fice daga ƙungiyar BAPCo mai yin manhajar SYSmark, yana ƙorafin cewa awon ba ya nuna irin aikin da mutane ke yi a zahiri. A 2014 kuma Intel ya amince ya biya dala 15 ga kowane ɗaya daga cikin wasu mutane a Amurka da suka sayi kwamfuta mai Pentium 4 tsakanin ƙarshen 2000 da tsakiyar 2002, don a kashe ƙarar da ta zarge shi da murɗa sakamakon awo, ko da yake bai amsa laifin ba. In manya na yin haka a can, to sai mu buɗe ido a nan.

Akwai kuma abin da ba wata manhajar Turai da za ta auna mana. Su a ɗaki mai sanyi suke gwajinsu, da wutar da ba ta ɗaukewa. Mu kuwa a rumfar kwano muke, a zafin bazara da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka. Kwamfuta in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Saboda haka wadda ta ci maki mai kyau a minti biyu na farko, tana iya zama kunkuru bayan rabin awa. Haka kuma wani lokacin jinkirin turi ba laifin kwamfuta ba ne, na jabun mimori ne ko ruɓaɓɓiyar igiya, ko kuma an soka a tsohuwar kafar USB maimakon sabuwa wadda galibi cikinta shuɗi ne.

Don haka ra'ayina shi ne a haɗa biyun, makin manhaja da gwajin aikinka na kanka, kuma in sun saɓa, aikinka ne alƙali. Ya ɗan'uwana mai niyyar saye, kada ka je hannu rabbana. Ka tafi da filashinka ɗauke da irin kayan da za ka yi aiki da su. In mai turi ne kai, ka sa fim mafi nauyi da kake da shi, ka kalla na minti goma, ka ja shi gaba ka dawo da shi baya, ka ga ko murya da hoto na tafiya tare. Ka kwafi babban fayil ka duba agogo. In mai shagon buga takardu ne kai, ka buɗe takardu da hotuna da yawa a lokaci guda. In ɗanka za ka saya wa don koyon jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake yin ta, a danna kowane madanni a tabbatar yana aiki. A zare caja a ga abin da batir zai yi. A sa Cinebench ta yi ta gudu na minti goma, ka ɗora hannu a ƙasanta ka ji zafi. Ka sa a nuna maka cikakkiyar lambar ƙwaƙwalwar a cikin kwamfutar, ba tambarin da ke manne a waje ba, don shi tambari ko yaro na iya manna shi. Ka kuma tuna cewa Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 a ƙa'ida sai daga wajen zubi na 8 take karɓa. Tsohuwa tana iya yi maka aiki, amma a sayar maka da ita a kuɗin tsohuwa.

Na san 'yan'uwana masu shaguna za su ce ina za su samu lokacin wannan, ga masu saye sun yi layi, ga wuta babu. Wasu za su ce ai baƙauye bai san lamba ba, ko an nuna masa ɓata lokaci ne. Ni kuwa na ce baƙauyen da ke buɗe bakin sa ya ƙirga haƙora, ya sa a zagaya da babur kafin ya biya, ya cusa hannu cikin buhu ya ɗebo daga ƙasa, ba zai kasa gane cewa 500 ta fi 100 ba. Kuma mai kaya na ƙwarai shi ne zai fi kowa cin ribar awo, don shi zai raba shi da mai algus. Yau duk kuɗin goro ake yi musu, ana cewa masu kwamfuta ba su da amana, alhali da yawansu mutanen kirki ne, wasu ma su kansu ba su san cikin kayan da aka sauke musu daga kwantena ba. Mu Musulmi mun san sura guda Allah Ya saukar, Suratul Muɗaffifina, mai gargaɗi ga masu tauye mudu, kuma ba na jin hukuncin ya tsaya a kan gero da dawa kawai.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin masu sayar da waya da kwamfuta a biranenmu da su ware rumfa guda a kowace kasuwa, mai sola, su zaunar da yaro amintacce wanda ba na kowane shago ba, ya riƙa auna wa mai saye kaya a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A rubuta sakamakon a bayan rasit: zubin ƙwaƙwalwa, yawan RAM, irin rumbu da saurinsa, da abin da ya rage wa batir, mai saye da mai sayarwa su sa hannu. In rigima ta taso, ga takarda. Ina kuma kira ga matasanmu da suka yi karatun kwamfuta suke zaune ba aiki, ga sana'a nan a ƙasa tana jiran mai ɗauka. Su kuma gidajen rediyonmu su taimaka su riƙa wayar da kan jama'a da harshen da za su gane.

Ni dai tawa ta riga ta same ni. Ɗan yayan nawa ya sa mata SSD, ya share ƙurar fanka, muka sake batir, yanzu tana ɗan taɓukawa, amma kuɗin da na ƙara da na haɗa tun farko da na sayi wadda ta fi ta. Na rubuto ne don kada wani ya sayar da awakinsa a kan tambari. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba mu sa'a a sana'o'inmu, Ya tsare mu da cin haram, amin.

Naku,
Wani mai shagon caji da turi,
daga Jihar Jigawa.