Shawarar Wata: In yaranmu sun je birni, ina za su kwana?



Wani mai garkar albasa a Tamaske ya tare ni da tambaya. Ya ce mushen lakwal yana so ya kai yara Yamai buɗe ido lokacin hutu. An ce kowane uba ya kawo kuɗin mota da na abinci da na otal. Ya ce mini: "Malam, in bar ɗiyata ta tafi ko in hana?"

Na ce masa ya bar ta ta tafi, amma kada ya ba da ko dala sai ya san inda za ta kwana.

Tafiyar tana da amfani, gani ya kori ji. A kan hanya, wajen Kure, yaro zai iya ganin raƙumin dawa. A Yamai zai ga kogin Kwara da gadar Kenedi da aka buɗe a 1970. Zai shiga Mize, wato gidan tarihin ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959. Can akwai zaki da dorina, da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da waɗanda aka tono a jihar Agadas. Akwai kuma itacen nan na Tenere da mota ta kayar a 1973.

Amma hanyar da nisa. Daga Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Yara za su isa a gajiye, sau da yawa da dare. Wanda ya isa birni da dare da yara 40 a bayansa, duk inda aka nuna masa nan zai sauka.

Ni abin ya taɓa faruwa da ni. Wata shekara na raka yara wani birni. Mun yi ciniki da wani otal ta waya, ba mu aika kowa ya duba ba. Da muka isa sai muka tarar ana sayar da giya a bakin ƙofa, ana kiɗa har asuba. Makewayi ɗaya ne, pampo kuma ba ruwa. Da safe mai otal ya ƙara kuɗi, ba mu da takardar da za mu nuna masa. Laifinmu ne, mun yi cinikin biri a sama.

Otal an gina shi ne don fatake da ma'aikata, manya masu kula da kansu. Wani otal ya dace da yara, wani bai dace ba. Kyan fenti ba ya nuna haka, araha ma ba ta nunawa. Sai an tambaya. Ga abin da kwamitin iyayen yara zai tambayi mushe kafin a tara kuɗi.

1. Wa ya je ya ga wurin da idonsa? Mutanen Tamaske da Keita da Buza da Madawa suna da ƴan'uwa a Yamai. A roƙi dattijo ɗaya ya je da rana, ya kuma koma da dare.

2. Ana sayar da giya ko ana rawa a wurin? In haka ne, a nemi wani.

3. Ɗakunan ƴan mata suna dabam da na maza? Dole mace babba ta kwana tare da ƴan mata. Babba ɗaya ga yara 10 ya fi kwanciyar hankali.

4. Akwai ruwan sha mai tsabta da makewayi isassu? Akwai sange? Yamai bakin kogi take, sauro ba ya raina baƙo. In babu, kowane yaro ya tafi da sangensa.

5. In wuta ta tashi, ƙofa nawa ce ta fita? Ɗakin ƙasa ya fi bene ga yaron da bai saba hawa ba.

6. Ina likita mafi kusa? Wa ke riƙe da sunayen yara da lambar wayar iyayensu?

7. Kuɗin kwana nawa ne, da abinci ko ba abinci? A rubuta a takarda, a sa hannu, a karɓo rasi.

Yanzu mu yi lissafi, tunda mun koya. Misali ne kawai. A ce ɗaki ɗaya jika 20 ne a dare, yara 4 a ɗaki. Yara 40 sai ɗaki 10, wato jika 200 a dare ɗaya. Kwana 3 ya zama jika 600, kowane uba jika 15, ban da mota da abinci. Ku gwada shi da kuɗin buhun hatsi a kasuwarku.

In kuɗin ya fi ƙarfinku, kada a fasa tafiyar, kada kuma a kai yara wurin banza don araha. Lokacin hutu azuzuwan lakwal na birni ba kowa. Darektan lakwal yana iya rubuta wa hukumar ilimi tun da wuri ya roƙi aji biyu, ɗaya na maza, ɗaya na mata. Yara su tafi da tabarma da sange da buta. Iyaye su haɗa gero da shinkafa da albasa, mata biyu su bi su don girki.

Yaran nan amana ce. Makiyayi ba ya kwana da garkensa a mashekarin da bai duba ba. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa, ku kai maganar taron iyaye.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.